Babi na Bakwai: Sabuwar Kafireta a Tsohon Inji

"Na sayi sabuwar kafireta an ɗaura min, amma motar tana nan tana shan mai kamar da, kuma da na ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Ina amfanin kuɗin da na kashe?"

Duk makanikin da ya daɗe a gareji ya sha jin wannan tambaya, musamman daga masu Peugeot 504 da 505, da masu tsofaffin Toyota da Datsun da Volkswagen ƙirar kunkuru. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023 tambayar ta ƙara zafi, don lita biyu ko uku da mutum yake kau da kai a kansu a da, yanzu kuɗin cefane ne. Amsar a taƙaice ita ce kafiretar da ta fito daga kwali ba ta san injinka ba. An ƙera ta ne ta hau injuna iri-iri, kuma sai an zaɓe ta daidai, an ɗaura ta ba tare da iska na sata ba, an saita ta bi da bi, sannan za ta yi aikin da aka saye ta dominsa.

Mene ne aikinta?

Fetur ba ya ci a cikin inji sai ya gauraya da iska, kuma gaurayen yana da ma'auni. Kilo 1 na fetur yana buƙatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone tas. Wato kowace lita guda da ka zuba a tanki sai inji ya shaƙi iska kusan lita 9,000. Aikin kafireta shi ne auna wannan rabo a kowane hali, ko motar na tsaye a danja ko tana hawan tudu da kaya.

Wanda ya taɓa riƙe tsohon famfon filit na maganin sauro ya riga ya san yadda take yi. Kana tura sanda, iska ta bi ta kan bakin siririn bututu da gudu, sai ta zuƙo ruwan maganin daga gwangwani ta watsa shi kamar hazo. A kafireta fistan ne ke jan iskar. Tana bi ta maƙogwaro mai ƙunci a tsakiya, gudunta ya ƙaru a wurin ƙuncin, ta zuƙo fetur daga ɗan kwanon da ke gefe ta cikin wani ƙaramin rami da aka auna, wanda kanikawa ke kira jet. A ƙasan maƙogwaron akwai faifan da ke buɗewa idan ka taka totur.

Sai dai hanyar mai ba guda ɗaya ba ce. Akwai hanyar sulo, wadda ke ciyar da inji lokacin da faifan ke rufe. Akwai wasu ƙananan ramuka a jikin bango, dab da gefen faifan, masu karɓar aiki da zarar ya fara buɗewa. Akwai babbar hanya ta gudu. Akwai ɗan famfo mai tsarto fetur idan ka taka totur farat ɗaya. Akwai kuma cok na tada inji da sanyi. Sukurori biyun da kowa ke murɗawa a jikin kafireta ikonsu bai wuce hanyar sulo da ɗan abin da ke biye da ita ba. Motar da ke shan mai a kan hanyar Kano zuwa Zariya, ko kwana aka yi ana murɗa su ba za ta daina ba.

Ka tabbata laifinta ne?

An fi ɗora wa kafireta laifi don ita ce ke zaune a saman inji inda hannu ke kaiwa. Alhali fulogi da ya gaji, da kwantak da ya ƙone, da tayimin da ya goce, da bawul da ya matse, da zoben fistan da ya cinye, duk suna kawo alamomin da ake cewa nata ne. Hayaƙi ma yana magana ga mai lura. Baƙi na nufin fetur ya yi yawa, kuma a nan kafireta na iya zama mai laifi. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, aikin zobe ne ko robobin bawul. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga silinda. A biyun ƙarshe, sabuwar kafireta asara ce kawai.

Ko da laifin nata ne, sau da yawa wanki da sabbin gasket da allura sun isa. Wadda ta mutu da gaske ana gane ta da hannu. Kama bakin sandar da faifan totur ke kai, ka girgiza ta sama da ƙasa. Idan tana wasa, ramin ya cinye, iska na kutsawa ta nan ba tare da an auna ta ba, kuma sulo ba zai taɓa zama wuri ɗaya ba. Haka idan gindinta ya lanƙwashe, ko jikin ya tsage, ko zaren noti ya mutu. To a nan ne maganar saye ta taso.

Wacce za ka saya?

Mu ɗauki 504, tunda ita ce aka fi sani. An fara fitar da ita a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna ya fara harhaɗa Peugeot a 1975, kuma ya ci gaba da 504 har cikin shekarun 2000, da daɗewa bayan Turai ta daina. Injinta mai cc 1971 yakan zo da kafiretar Solex mai maƙogwaro biyu, wasu kuma Zenith. Mafi sauƙi shi ne ka nemi irin wadda aka cire sak. Akwai lamba a jikinta ko a ɗan ƙarfen da ke maƙale da murfi, kuma gara ka ɗauki tsohuwar a leda ka tafi da ita kasuwa, Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna, ka ajiye su gefe da gefe ka duba ramukan noti da bakin bututu da hannun totur. Idan ta hannu ce 'yar Kwatano, yi mata gwajin girgiza sanda a gaban mai kaya, don ita ma ta yi shekarunta a wata motar.

Hanya ta biyu ita ce sauya iri gaba ɗaya, kuma ɗaya daga cikin waɗanda aka fi yin haka da su ita ce Weber 32/36. Edoardo Weber ya kafa kamfanin a birnin Bologna na Italiya a 1923, amma tun 1992 a Sifaniya ake ƙera su. Lambobin faɗin maƙogwaro ne a milimita: na farko 32, na biyu 36. A zirga-zirgar gari ƙaramin ne kaɗai ke aiki, babban ba ya buɗewa sai ka taka totur wajen kashi biyu cikin uku. Shi ya sa take da sauƙin mai ga mai sanyin ƙafa. Haruffan da ke bin lambar suna nuna irin cok: DGV na hannu ne, DGAV ruwan lagireto ke buɗe shi, DGEV wutar batir. A ganina, mai zama a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya ɗauki na hannu. 'Yan safiyoyin hunturu kaɗai zai ja shi, kuma babu abin da zai maƙale ya bar cok a rufe motar na zubar da mai ba ka sani ba.

Kada a ruɗe ka da cewa babbar kafireta ita ce ƙarfi. Idan maƙogwaro ya fi ƙarfin inji, iska na bi a hankali, ba ta zuƙo mai yadda ya kamata, sai motar ta riƙa shaƙewa duk lokacin da ka taka. Sannan kasuwa cike take da na kwaikwayo. Wasu suna aiki, amma kada ka ɗaura ko ɗaya sai ka buɗe murfi ka duba. Ana samun ɓurɓushin ƙarfe a cikin kwano, ana samun jet da ba lamba. Jet na kirki yana da lamba a jiki, kuma ma'anarta a fili take: 140 na nufin rami mai faɗin milimita 1.40. Rubuta lambobin duka a takarda ka ajiye a mota, za ka neme su nan gaba.

Ɗaurawa

Bari inji ya huce, ka cire wayar batir ta nagatif. Kafin ka taɓa komai ɗauki hoton bututai da wayoyi da wayarka ta kusurwa biyu ko uku, don bayan awa guda duk baƙaƙen robobin nan kamarsu ɗaya. Da ka ɗaga tsohuwar, cusa tsumma mai tsabta a bakin manifol. Wosha guda da ta faɗa ciki tana iya kai ka ga sauke kan inji.

Wurin da aikin ke lalacewa ko ya yi kyau shi ne inda kafireta ke zama a kan manifol. Kankare tsohon gasket har ƙarfe ya fito fes, ba tare da ka karce shi ba. Ɗora rula ta ƙarfe a kai ka duba ko haske na ratsawa ta ƙasa. Idan akwai wani faifai mai kauri, baƙi ko ruwan ƙasa, tsakanin su biyun, mayar da shi. Shi ke hana zafin inji tafasa fetur a cikin kwano, kuma motar da aka cire mata shi ita ce za ka tsaya sallah a hanya ka dawo ta ƙi tashi. Sa gasket sabo a bushe. Gam ɗin silikon da ake shafawa ba ya jure fetur, yana laushi ya gutsure ya toshe jet. Notin huɗu kuwa a ɗaure su da kaɗan kaɗan, wannan kusurwa sannan wadda ke fuskantarta, da ƙaramin sifana. Gindin kafireta ƙarfe ne mai taushi. Yaron gareji mai ƙarfin hannu yana iya lanƙwasa sabuwa fil a minti ɗaya, ya mayar da ita daidai da wadda aka cire.

Sauya bututun mai idan ya bushe ko ya tsattsage, ka ɗaure bakinsa da kilif na gaske, waya ba ta riƙewa. Sa sabuwar filta. Tankin da ya shekara talatin ko arba'in ba ya rasa tsatsa, kuma ƙwayar tsatsa guda a bakin allura ta isa ta sa mai ya yi ambaliya. Duk bakin bututun iska da ba za a yi amfani da shi ba a toshe shi sosai. Bututun da ke zuwa distiributa ya koma bakin da aka yi dominsa, wanda ba ya zuƙa a sulo sai an taka totur. Na burki kuma a duba shi da kyau, don idan ya tsage yana ɓata saiti, yana kuma taurara burki.

Daga nan, inji a kashe, sa wani ya taka totur har ƙasa kai kana leƙa maƙogwaro. Faifan ya miƙe tsaye sosai, kuma da an saki ya koma ya rufe da kansa, ba tare da ya maƙale ba. Kada ka hau titi ba sifirin mai dawo da totur. Matatar iska kuma ta koma wurinta. Ƙurar hunturu da ta shiga inji kai tsaye tana cin zobe da silinda.

Mai nawa ke shiga kwano?

Wannan mataki ne aka fi tsallakewa. A cikin kwano akwai fulot mai yawo a kan fetur, idan ya taso sai ya tura allura ta rufe hanya. Tsayin man da ke cikin kwano shi ke shafar dukkan hanyoyin nan da muka lissafa. In ya yi sama, motar za ta sha mai ta kowace hanya, in ya yi ƙasa za ta riƙa yankewa a gudu. A Weber 32/36 ana auna tazarar fulot daga murfi: milimita 41 ga na tagulla, 35 ga na roba. Ana gyarawa ne da lanƙwasa ɗan harshen da ke taɓa allura, a hankali.

Famfon mai ma yana da ta cewa. Irin wannan kafireta ba ta son matsin da ya wuce wajen psi 3. Famfon motar injekta yana ba da fiye da ninki goma na haka, don haka wanda ya ɗaura shi a tsohuwar mota zai ga fetur na kwarara a kan inji mai zafi. Ajiye abin kashe gobara ko bokitin yashi kusa kafin tashin farko, kuma kada kowa ya tsiyaya fetur a maƙogwaro ana kan buga sitata. Inji kan yi atishawa ya watso wuta ta nan.

Saitin sulo

Kafireta ce ƙarshen layi. Bawul da fulogi da kwantak da tayimin, waɗanda muka yi bayani a babin da ya gabata, su ake fara daidaitawa. A 504 tazarar bawul da sanyin inji milimita 0.10 ce a na shiga, 0.25 a na fita. Wanda ya saita kafireta kafin waɗannan zai sake aikin daga farko.

Fara da inji a kashe. Murɗa sukurun mai ciki a hankali har ka ji ya taɓa, ka tsaya nan. Bakinsa tsini ne, idan ka matse shi ka ɓata shi da mazauninsa. Sai ka dawo da shi waje zagaye biyu. Sukurun totur kuma ka janye shi har ya rabu da hannun faifai, ka mayar har ya taɓa, sannan ka ƙara zagaye ɗaya da rabi. Tada inji, ka bar shi ya yi zafi sosai, cok a buɗe gaba ɗaya.

Yanzu aikin kunne ne. Murɗa sukurun mai ciki, kwatan zagaye, ka jira daƙiƙa biyar ko shida inji ya amsa. Ci gaba har ka ji ya fara rawa kamar zai mutu. Sai ka juyo waje, kwata kwata, kana sauraro. Ƙarar za ta tashi ta daidaita, salansa ta daina tari. Za ka kai inda ƙarin murɗawa ba ya ƙara komai, in ka wuce sai inji ya fara nauyi yana wari. Koma daidai wurin da ƙarar ta fara kaiwa ƙololuwa. Daga nan ka sauke ko ka ɗaga gudun da sukurun totur zuwa juyi 800 ko 900 a minti, ka sake bin sukurun mai sau ɗaya.

Inda sukurun ya tsaya yana ba da labari. Idan sai da ka fito da shi fiye da zagaye biyu da rabi, jet ɗin sulo ya yi wa injin ƙanƙanta, ko kuma iska na sata. Idan bai kai ɗaya da rabi ba, jet ɗin ya yi girma. Idan kuwa kana murɗawa inji bai ko kula ba, kusan kullum an tura sukurun totur ciki da yawa ne. Faifan ya buɗe har ya tona ƙananan ramukan nan na bango, inji yana shan mai ta can, hanyar sulo ta zama 'yar kallo. Irin wannan motar ce ke ci gaba da kakkarwa bayan an zare makulli. Gwajin satar iska mai sauƙi ne: fesa ruwa da kwalbar feshi kewaye da gindin kafireta da bakin manifol, in ƙarar inji ta sauya, ga ɓarakar nan.

Masu babur su lura: a wasu babura sukurun da suke murɗawa na iska ne, fito da shi rage mai ne. A nan akasin haka ne. Solex 34 PICT-3 ta kunkuru kuma tana da babban sukuru na daban da ake saita gudun sulo da shi, ba a taɓa na faifai.

A kan titi

Sulo mai daɗi bai nuna an gama ba. Fita da motar. Idan ta yi jim kafin ta amsa duk lokacin da ka taka da sauri, kashe inji ka leƙa maƙogwaro kana jan totur da hannu, ya kamata ka ga tsartuwar mai siririya mai ƙarfi. Idan tana fizga a matsakaicin gudu ko tana atishawa ta kafireta, mai ya yi kaɗan. Bayan tafiya mai ɗan nisa, kwance fulogi ka duba bakinsa. Ruwan ƙasa mai haske shi ake nema. Baƙi mai kunkunniya mai ya yi yawa, fari fat kuma ya yi kaɗan. Gyaran a nan sauya jet ne, mataki ɗaya, misali daga 140 zuwa 135, kuma abu ɗaya a lokaci guda, don ka san wanne ya yi aiki.

Wuri ma yana da tasiri. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskar can ta fi ta Legas sirantaka da fiye da kashi goma cikin ɗari. Motar da aka saita a bakin teku za ta ɗan yi baƙin hayaƙi a can. Mai wucewa ba sai ya damu ba, mai zama kuwa ya rage jet mataki guda.

Akwai dabarar da wasu ke yi da sunan rage shan mai: a bubbuga bakin jet da guduma, ko a zura silin waya a ramin. "Alhaji, na matse maka ita, yanzu ba za ta sha ba." Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Ramin da aka auna da ɗaya cikin ɗari na milimita ba a gyara shi da guduma. Injin da aka hana shi mai yana rasa ƙarfi, direba ya ƙara takawa, babban maƙogwaro ya buɗe, man da ake tattali ya tafi ta can. Zafin wuta kuma ya ƙaru a cikin silinda har ya ƙone bawul ko ya huda fistan. Kuɗin jet na gaskiya bai kai kuɗin sauke inji ba.

Idan ka bi duk wannan, fulogi ya fito da kyau, amma allurar zafi tana hawa da ka shiga cunkoso a watan Afrilu, to matsalar ta bar hannun kafireta. Babi na gaba zai duba lagireto da fanka da famfon ruwa, da kuma tamostat ɗin da ake yawan cirewa a yar da sunan ƙasarmu akwai zafi. Kafin ka shiga, buɗe bonet ka duba ko naka yana nan.